Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaura GPS a babur

Yawancin masu cewa GPS ɗinsu ba ta aiki, in aka duba sai a tarar na'urar lafiyarta ƙalau. Wurin da aka ɗaura ta ne bai yi ba.

Bari in fara da tiraka, wato GPS mai nuna wa mai babur inda babur ɗinsa yake a waya, wadda ake ɓoyewa saboda ɓarayi, don a nan ɓarnar ta fi yawa. Mutum ya cusa ta ƙarƙashin tanki, ƙarfe ya rufe ta ruf, wai ya ɓoye. Taurarin ɗan'adam ɗin da take saurare suna can sama, nisan kusan kilomita 20,200. Kafin saƙonsu ya iso ƙasa ya riga ya yi rauni, kuma sai ta ji aƙalla guda 4 kafin ta san inda take. Ƙarfe yana tare saƙon, roba ba ta tarewa. Shi ya sa za ka ga babur yana Ƙofar Kaura a Katsina, waya tana nuna shi a Ƙofar Guga inda ya kwana. A nema mata wuri bayan murfin roba, fuskar da eriya take ta kalli sama. Amma ba a gefen batir ba. Ɓarawo ma yana da bakanike, kuma nan zai fara buɗewa.

Kada a matsa ta kusa da inji ko salansa. Zafin Afrilu a Katsina yakan haura digiri 40, ya ishe ta.

Sai haɗin wuta. Wasu 'yan rewaya sukan haɗa tiraka da layin makulli, da an kashe mashin ita ma ta mutu, alhali a lokacin ne aka fi bukatarta. Kai tsaye daga batir za a ja mata, a sa fis a tsakani, a naɗe mahaɗar sosai saboda damina da masu wankin babur. In babur zai daɗe a ajiye, a riƙa tayar da shi, don tana shan batir a hankali. Layin waya (SIM) da ke cikinta kuwa, mutane kan manta da shi har data ta ƙare, sai ranar da aka yi sata a tuna. Allah Ya kiyaye.

GPS ta nuna hanya kuwa, wadda yawanci wayar hannu ce, nata kurakuran daban ne. Ɗaure ta a sandar madubi ganganci ne, gargada kaɗan noti ya saki. A ɗaura ta a tsakiyar kan babur, yadda ba za ta rufe mita ba, kuma kallo ɗaya ya isa ba sai an sunkuya ba. A sa mariƙi mai roba mai shanye girgiza: a 2021 kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗin cewa girgizar injin babur tana iya lalata kyamarar iPhone. Cajarta ita ce za a haɗa da layin makulli. A kuma bar wa wayar cajin sarari, a juya kan babur hagu da dama har ƙarshe a ga ba ta ɗame ba.

Kafin ka sallami mai gyara, ka bar wa wani ɗan'uwanka wayar da ke bin tirakar, ka hau titin Daura ka ɗan yi nisa ta wajen Mashi. In yana ganinka kana tafiya har ka juyo, to ta zauna daidai.