Kurakuran da aka fi yi wajen sayen sifikun baya masu araha

Duk wanda ya shiga shagon kayan wuta a Babbar Kasuwar Sakkwato ya ce sifikun baya yake nema, abin da yaron shago zai fara nuna masa shi ne lambar da ke jikin kwali. "Alhaji, wannan wat dubu uku ce, har maƙwabta sai sun ji." Lambar nan da ake rubuta PMPO a gefenta ba ta da wani tsayayyen ma'auni, kowane kamfani abin da ya ga dama yake bugawa. Ta RMS, wadda ke nuna ƙarfin da sifika ke iya ɗauka a kai a kai, ake dubawa, kuma wat 30 zuwa 50 sun ishi falo irin namu.

Dalili kuwa, aikin sifikun baya kaɗan ne. A tsarin 5.1, wato mai sifiku biyar da wufa ɗaya (sifikar sauti mai kauri), maganar 'yan wasa ta sifikar tsakiya take fitowa, yawancin kiɗa ta biyun gaba, rugugi kuma ta wufa. Na baya ɗan abin da ya saura ake tura musu: yayyafi, ihun 'yan kallo a filin ƙwallo, motar da ta gifta ta bayanka. Kamar 'yan amshi suke, ba su ne mawaƙin ba. In kuɗin a ƙirge suke, a zuba mafi yawa a gaba da tsakiya, a sayi ƙanana na baya.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne zuwa kasuwa ba a leƙa bayan amfilifaya ba. Da yawa daga abin da ake sayarwa da sunan na'urar sinima ta gida 2.1 ne kawai, wato sifiku biyu da wufa, ba shi da ramin sifikun baya ko ɗaya. In ba ka ga inda aka rubuta SL da SR ba, ajiye kuɗinka. Wasu sai su murɗa wayar sababbin su haɗa da ta gaba. Abin da za ka ji a baya shi ne dai abin da ke gaba, sannan ka ɗora wa amfilifaya kaya: sifika biyu masu ohm 8 in aka haɗa su haka sun koma ohm 4, kuma duk raguwar ohm ƙarin wuta ce sifika ke ja. Haka kuma ƙananan sifikun da ke zuwa cikin kwali ɗaya da na'urarsu, wasunsu ohm 3 ne. Ka tsinto su da araha ka jona wa amfilifayar da aka rubuta mata 6 zuwa 8, sai ta ɗau zafi ta riƙa kashe kanta. A watan Afrilu, da zafin garin nan ke haura digiri 40, abin ya fi saurin faruwa. Maganin ba wuya: ɗauki hoton bayan na'urarka da waya, ka nuna a shago, ka duba alamar ohm, wato Ω, a bayan sifikar da idonka.

Marasa waya ma suna yaudarar mutane. Wayar sauti ce kawai babu, amma sai an jona su a soket, kuma na Samsung ko LG da nasu kayan kaɗai suke aiki, wani lokaci ma sai samfuri kaza. Sifikar Bluetooth ta aljihu kuwa ba ta zama ta baya, sautinta makara yake yi.

Sai wurin kafawa, inda na fi ganin an yi asarar kaya masu kyau. Yawancin falukanmu, daga Mabera har Arkilla, kujeru manne suke da bango, don haka mai haɗawa sai ya kai sifikun can ƙuryar sama kusa da silin, wai don kada yara su taɓa. Daga can amsa-kuwwar bango da tayil kawai ke isowa kunne. A 5.1 gefe suke zama, su ɗan ja baya kaɗan, wajen digiri 110 daga saitin talabijin, suna fuskantar mai kallo, kimanin santimita 60 sama da kunnensa. Waɗanda ke zama a baya sosai na tsarin 7.1 ne. In kujerar ta manne da bango, a sa su a bangon hagu da na dama daidai kafaɗa. Kuma a auna da inda ake zama da gaske. Gidan da maigida ya saba kallo a kan kafet ya jingina da tumtum, kunnensa ƙasa yake da na mai zama a kushin.

Akwai mai komawa shago da faɗa, wai an sayar masa da matattun sifiku, alhali laifin na wayar da ya jona ne. Wayar nan mai kai ja da fari layi biyu kawai take ɗauka. Sai da waya irin ta HDMI ko wayar haske (optical) sautin 5.1 ke wucewa, sannan a shiga saitin dikoda ko talabijin a zaɓi Dolby Digital. Ko an yi haka, galibin abin da ke YouTube da finafinan da ake turawa a waya layi biyu ne, don haka na baya za su yi shiru sai an kunna Pro Logic II, saitin amfilifaya da ke raba layi biyu ga dukkan sifikun, ko makamancinsa. Kafin a zargi kowa, a danna gwajin sauti na amfilifaya, wanda ke zagaya sifiku ɗaya bayan ɗaya da ƙarar "shhh". A daidaita su duka su zo kai ɗaya. In kana jin na baya a kowane lokaci, sun yi ƙara da yawa.

Waya kuma kada a yi mata rowa. Daga talabijin zuwa bayan falo, in an bi gindin bango, mita 10 ba wuya ta tafi. A sayi ta tagulla mai kaurin milimita 1.5, ja ga ja, baƙi ga baƙi a kowane ɓangare. A saiti a nuna wa amfilifaya cewa sifikun ƙanana ne, a yanke musu rugugin da ke ƙasa da 80Hz, ko 120Hz in 'yan mitsi-mitsi ne, wufa ta ɗauki sauran.

Na hannu ba laifi, sau da yawa ma sun fi sababbin marasa suna. Sai dai a cire ragar gaba a duba zoben soso da ke kewaye da takardar sifikar, domin zafi da shekaru suna sa shi ya ruɓe, ka taɓa ya zube. Tura takardar a hankali da yatsu. In ka ji tana gogawa, bar ta, ko ƙurar hunturu ta shiga ko ta taɓa ƙonewa. Sannan ka ce wa mai shago, "Malam, a jona min duka biyun in ji." In ya ce babu wuta, batirin rimot mai bolt 1.5 ya isa: taɓa wayoyin biyu a kawunansa, mai rai za ta yi 'yar ƙara, takardar ta motsa.