Soke Sakamakon LSAT: Lissafa Damarka Kafin Ka Yanke Shawara

Mai neman shiga makarantar koyon aikin lauya a Amurka ko Kanada ya sani cewa hukumar LSAC, mai shirya LSAT, wato jarrabawar neman shiga waɗannan makarantu, ta ƙayyade yawan zaman jarrabawar: sau 5 cikin shekaru 5, sau 7 a tsawon rayuwa.

Inda ake yawan tafka kuskure shi ne a ɗauka soke sakamako yana goge zaman. Ba ya gogewa. Da zarar ka zauna jarrabawar, an ƙirga, kuma makarantu za su ga alamar sokewa a rahotonka, makin ne kawai ba za su gani ba. Ka yi asarar dama ɗaya ke nan.

Idan ka ga ba ka shirya ba, janye rajistarka kafin wa'adin janyewa ya cika. Wannan ba ya shiga lissafi. Idan kuwa ka riga ka zauna, kana da kwana 6 bayan jarrabawa ka soke. Wanda ya biya kuɗin Score Preview zai fara ganin makinsa, sannan ya yanke shawara cikin kwana 6.

Makin yana tsakanin 120 da 180, kuma yawancin makarantu makinka mafi girma suke dubawa, don haka sokewa saboda fargaba kawai ba ta da riba. Rashin lafiya a ranar jarrabawa, wannan kam dalili ne.