Yadda za ka kare huhunka daga ƙura da hayaƙi a hunturun nan

Jiya da safe na biyo ta Kwangila a nan Zariya zan shiga Sabon Gari, wallahi hazo ya rufe ko gadar ba ka gani sosai, ga hayaƙin tireloli ga wani can gefe ya cinna wa bola wuta, kuma duk 'yan acaɓan da na wuce mutum biyu ne kawai suka ɗaura hankici a hanci. Abin ya tsaya min a rai.

Ita ƙurar hunturun nan yawancinta daga wani kwari take tasowa a Chadi da ake kira Bodele, iska ke kwaso mana ita tun Nuwamba har wajen Maris. Wadda ke sa gashin ido ya yi fari wannan da sauƙi, gashin hanci da majina suna tare ta, ka fyace ko ka yi kaki ta fita. Mugunyar ita ce 'yar mitsitsiyar da ido ba ya gani, masana na ce mata PM2.5, silin gashin kanka ya fi ta kauri kusan sau 30, ita ba ta tsayawa a hanci, wucewa take har can ƙarshen huhu inda akwai miliyoyin 'yan jakunkuna da iska ke bi ta shiga jini, toh a nan take maƙalewa, jiki ya turo sojojinsa su haɗiye ta, wurin ya kumbura, yau da gobe hanyar iska ta ƙuntata kaga mutum ɗan hawa bene kaɗan ya fara haki. Hayaƙi kuwa kusan duk irin wannan ƙananan ne a cikinsa.

Shi yasa gyara daga gida zai fara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki na cikin gida yana kashe wajen mutum miliyan 3 duk shekara. Iyayenmu mata don Allah a fito da murhu fili inda iska ke wucewa, a samu busasshen itace, a daina hura wuta da leda ko guntun silifas, kuma a sauke goyo kafin a duƙa gaban murhu, don yaro ya fi babba saurin numfashi, ya fi shi kwasa. Kafin shara a yayyafa ruwa, kayan ɗaki a goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kakkaɓewa. Turaren wuta da maganin sauron nan na kunnawa a bari hayaƙin ya fita kafin a kwanta. Kaskon gawayi kuma duk tsananin sanyi kar ya kwana a ɗaki a rufe, haka janareta kar a aje shi a zaure ko gindin taga, hayaƙin waɗannan biyun a dare ɗaya yake kisa.

In za ka fita ka nemi takunkumin da aka rubuta N95 a jikinsa, ana samu a manyan kyamis. Ka matse ɗan ƙarfen da ke jikinsa a karan hanci, ka hura iska ka ji, in tana fita ta gefe bai zauna ba. Hankici da rawani manyan ƙwayoyin ƙurar kawai suke tarewa, sun fi babu dai. In ya yi dauɗa ko numfashi ya fara wuya a ciki ka canza.

Masu fasa dutse da masu yankan tayil da masu haƙar rijiya, ku na fi ji wa tsoro. Garin dutse jiki ba ya iya narkar da shi, tabo yake bari a huhu, tabon nan ba ya warkewa har abada ko an bar sana'ar, kuma yana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ku riƙa zuba ruwa a inda ake yankan, ku tsaya ta inda iska ke ɗauke ƙurar daga gare ku, kayan aiki a cire a wurin aiki kar a kai wa yara gida. Batun shan madarar gwangwani bayan aiki wai tana wanke ƙirji, 'yan uwa madara ciki take tafiya, hanyarta daban da ta huhu, kuɗin nan gara a tara a sayi takunkumi.

Mai asma kar inhela ta bar aljihunsa a watannin nan. Tari kuma in ya kai sati 2, ko akwai jini a kaki, ko rama da gumin dare, a bar sayen maganin tari a kyamis a tafi asibiti, ga asibitin koyarwa na Shika ga cibiyar tarin fuka ta Saye duk a nan Zariya, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitin gwamnati. In ka je ka faɗa wa likita sana'arka da shekarun da ka yi kana yin ta.