Tada injin MGB da ya daɗe a ajiye

MGB motar wasanni ce ta Ingila, an ƙera ta daga 1962 zuwa 1980, injinta mai silinda huɗu, cc 1798. Idan ta shekara da shekaru a ajiye, kada ka fara da murza makulli: zoben fistin da ya yi tsatsa yana iya karyewa ya kakkarce silinda.

Cire fulogi duka huɗu, ka zuba cokali biyu na man giyar otomatik a kowane rami, ka bari ya jiƙa kwana biyu. Sai ka juya kiranshaf da sifana a hankali. In ya cije, ƙara mai ka jira, ƙarfi ba ya maganinsa.

Canza baƙin mai da filta, ka zubar da tsohon fetur, domin yakan zama danƙo ya toshe kaburetoci, ƙirar kamfanin SU. Daidaita ratar bawul, inci 0.015 a injinan farko, inji na sanyi. Ka buga kik ba fulogi har allurar da ke nuna matsin baƙin mai ta ɗaga.

Yanzu auna matsin kowace silinda. Bambanci tsakaninsu da ya haura kashi 10 cikin 100 matsala ce. Zuba ɗan mai ka sake aunawa: in matsi ya ƙaru, matsalar zobe ce; in bai motsa ba, ta bawul ce. In matsin silinda biyu maƙwabta ya faɗi tare, gaskit ɗin kan inji ne.

In aka kwance injin, a auna silinda da kiranshaf kafin sayen zobe da metal (shimfiɗar ƙarfen da kiranshaf ke juyawa a kai). A ɗaure notocin kan inji da ƙarfin ɗauri lb-ft 45 zuwa 50, daga tsakiya zuwa gefe.