Hawan dutsen Rotwand da kwana a masaukinsa: shawara ga sababbin zuwa Munich

Duk shekara, da zarar ƙanƙara ta narke a duwatsun kudancin Bavariya, sai in ga 'yan'uwanmu da suka iso Munich kwanan nan sun fara shirin fita hawan dutse. Hakan yana faranta mini rai matuƙa, domin a farkon zamanmu a nan ba mu da wurin zuwa ranar hutu sai masallaci da gidajen juna, yanzu kuwa ɗalibanmu da ma'aikatanmu, har da magidanta da iyalansu, suna fita su ga ƙasar da Allah ya kawo su. Abin da ke damuna shi ne kurakuran da na tafka su ne dai ake ta maimaitawa, kuma wani idan ka ja kunnensa sai ya ce ai ya saba hawan Dala tun yana yaro.

Isa dutsen Rotwand ba shi da wuya. Daga babbar tashar Munich za ku hau jirgin ƙasa mai zuwa Bayrischzell, sai dai ku kula da taragon da kuka shiga, domin jirgin yana rabuwa a Holzkirchen, kowane ɓangare ya kama hanyarsa. Bayan kimanin awa ɗaya ku sauka a Fischhausen-Neuhaus, bas ta haura da ku tafkin Spitzingsee. Daga bakin tafkin tafiyar ƙafa ce ta wajen awa biyu da rabi zuwa masaukin Rotwandhaus, wanda ke kan tsayin mita 1,737, daga can kuma ba a cika rabin awa ba ake kaiwa ƙololuwar Rotwand mai mita 1,884, inda idan sama ta yi garau za ku hango jerin duwatsun Tirol, wani yanki na ƙasar Ostiriya, sun miƙe har inda ido ya tsaya. Ku sa takalmi mai kama ƙasa, ku riƙe rigar ruwa da ta sanyi ko da rana tana ƙwallewa, ku kuma yi sammako, saboda a lokacin zafi hadari mai tsawa yakan taso da yamma. Lambar neman agaji 112 ce.

Mai ƙarfi yana iya hawa ya sauko rana ɗaya. Wanda ke son kwana kuwa ya kama wuri tun da makonni, musamman daren Asabar, kada ya ɗora niyyarsa a kan cewa in wuri ya cika zai kafa tanti a gefe, domin ba a yarda da haka ba. Masaukin na wani reshe ne na ƙungiyar mahaya duwatsu ta Jamus, wato DAV, wadda aka kafa a 1869, kuma 'yan ƙungiyar suna biyan kuɗin kwana da rangwame, suna kuma da inshorar da ke ɗaukar kuɗin ceto, abin da inshorar lafiya ba ta cika biya ba idan mutum maƙalewa kawai ya yi bai ji ciwo ba. Ana bukatar kowa ya zo da siririyar jakar barci ta yadi, a cire takalmi a ƙasa, a riƙe tsabar kuɗi. Babban ɗakin kwana katifu ne jere da juna, maza da mata a haɗe, don haka mai tafe da iyali ya nemi ƙaramin ɗaki tun lokacin kama wuri, kada sai dare ya yi ya tsaya yana jayayya da mai masauki. Ƙarfe goma na dare ake yin tsit, alhali a watan Yuni lokacin Isha'i bai ma shiga ba, shi ya sa nake ajiye darduma da gorar alwala kusa da ƙofa in fita waje in yi sallata. A abinci ku tambayi ko akwai naman alade, domin har cikin miya akan sa shi.

Duk waɗannan da sauƙi. Abin da ya ƙona ni shi ne takardu, kuma shi ne abin da sabon zuwa ba ya kawowa a ransa, tun da a ganinsa daji zai shiga, ina ruwan daji da fasfo. Rotwand tana cikin Jamus, amma iyakar Ostiriya kilomita kaɗan ce daga nan, kuma kwarin Valepp da ke kudu da Spitzingsee yana zarcewa kai tsaye cikin Tirol. A kan hanyar ƙafa babu shinge, babu mai gadi, sai ɗan allo ko dutsen iyaka da mai hira zai wuce bai gani ba.

A shekarata ta biyu muka kwana a kan dutsen ni da wani abokina. Da gari ya waye muka ga yanayi ya yi kyau, muka ce mu sauka ta kudu mu bi bakin rafi maimakon mu koma ta inda muka fito. Mun yi ta tafiya cikin nishaɗi har muka ɓulla wani ƙauye, sai a lambobin motoci muka gane mun bar Jamus. Muka nemi bas, muka hau jirgin da ke bi ta Kufstein. Jim kaɗan bayan ƙetare iyaka 'yan sanda suka shigo suna duba takardu, aikin da suke yi a wannan iyaka tun 2015, kuma doka ta ba su. A lokacin katin zamana ya ƙare, na nemi sabuntawa an ba ni takardar wucin-gadi da ake kira Fiktionsbescheinigung, amma ita da fasfona duk suna cikin akwati a ɗakina, abin da ke hannuna sai mataccen kati da hoton fasfo a waya. Aka sauke mu. Na zauna a kan benci da jiƙaƙƙen safa, ƙafata ta yi bororo, har bayan Magariba, sai da wani dattijo daga cikin jama'armu ya bar aikinsa ya karɓi makullin ɗakina a wurin maƙwabci ya kawo takardun da kansa. Ba zan manta da wannan alheri ba, kuma irinsa ne ke sa nake alfahari da mutanenmu a garin nan.

Abokina ya fi ni shan wuya, domin shi Duldung ce a hannunsa, wato takardar da ake ba wanda ba shi da izinin zama amma aka jinkirta korarsa, ita kuwa a doka mutuwa take yi da zarar mai ita ya fita daga Jamus, ko da taku goma ne a cikin daji. Sai da lauya ya shiga maganar, aka kwashe watanni ana kai da kawowa, ɗan abin da ya tara duk ya tafi a nan. Laifinmu ne, babu wanda ya zalunce mu, kuma ni ne na fara kawo shawarar bin rafin.

Saboda haka kowa ya san matsayin takardarsa kafin ya ɗaura takalmi. Mai katin zama da bai ƙare ba yana iya shiga Ostiriya, amma da katin da fasfo tare, na ainihi, hoto a waya ba ya wadatarwa. Takardar wucin-gadi iri-iri ce: wadda aka yi wa alama a sashe na 81 sakin layi na 4 na dokar zaman baƙi ta Jamus tana ba da damar fita da dawowa tare da fasfo, ta sakin layi na 3 kuwa ba ta bayarwa. Mai neman mafaka da ke riƙe da Aufenthaltsgestattung, wato takardar zama kafin a yanke hukunci kan bukatarsa, ba shi da izinin ƙetare iyaka, kuma a watanninsa na farko ana iya taƙaita shi ga gunduma ɗaya, ta yadda ko Spitzingsee ɗin ma sai ya karanta abin da aka rubuta a takardarsa kafin ya je.

Yanzu idan matasa suka nemi in raka su, a tashar Munich nake tambayar kowa, a keɓe don kada in kunyata shi, wace takarda ce a aljihunsa. In akwai mai Duldung ko mai neman mafaka a cikinmu, mukan hau daga Spitzingsee mu sauko Spitzingsee, mu ci guzurinmu a bakin tafkin mu jira bas.