Darasi na 9: Idan Kyanwa Ta Ƙi Motsi

Scratch manhaja ce ta kyauta da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007. A cikinta jera tubala masu launi ake yi, kamar mai ɗora bulo, har hoto ya motsa. Da kun buɗe ta a intanet za ku tarar da kyanwa mai ruwan goro tsaye a tsakiyar fili.

Kyanwar nan kamar ƙwan lantarki take, sai an taɓa makunni. Tubalan rawaya su ne makunnan: wani yana jiran a danna koriyar tuta, wani a danna kyanwar kanta, wani kuma a danna maɓalli a allon rubutu. Kansu yana da tudu kamar hula, don su ne ke zama a saman kowane jeri.

Ku jawo tubalin tuta. A ƙarƙashinsa ku manna tubalin maimaitawa har abada, ku sa shuɗin tubalin taku 10 a cikinsa. Ku danna tuta. Kyanwa za ta ruga ta maƙale a gefen dama, don faɗin filin taku 480 ne kacal, daga -240 zuwa 240. A ƙarƙashin tubalin taku 10, ku ƙara tubalin da ke juyo ta idan ta kai bango. Za ta dawo kai a ƙasa, ƙafafu a sama! Ba ku ɓata komai ba. Ku mayar da salon juyinta zuwa hagu da dama, sai ta miƙe.

Idan kuma kun danna ta ƙi motsi, kada ku rushe ginin, nan ne nake ganin ɗalibai suna asarar aikin yini guda. Ku fara duba ko tubalan sun manne da juna, don tazara ƙanƙanuwa ta isa ta yanke umarni. Sannan ku duba ko a kan kyanwar kuka ɗora su ko a kan wani hoton daban. In duk lafiya lau, ku cusa tubalin magana a tsakiyar jerin, ta ce "na iso nan". In ta faɗa, matsalar tana ƙasa da wurin. In ta yi shiru, tana sama. Abu ɗaya za ku canza, ku gwada, kafin ku taɓa na biyu.

Aikin gida: ku sa kyanwa ta ce "Sannu da zuwa" duk lokacin da aka danna ta, sannan ku cire tubalin rawayan ku rubuta abin da ya faru.