Bayan Ritaya Sai Filin Bishara: Yadda Dattawa Ma'aurata Za Su Saba da Zama a Nijar

A ikkilisiyoyin Kaltungo, Billiri da cikin garin Gombe akan samu malamin makaranta da matarsa sun yi ritaya, 'ya'ya sun kama gabansu, sai su ɗauri aniyar ba da sauran ƙarfinsu ga aikin bishara a wata ƙasa. Ƙasar Tangale ta san baƙuntar masu bishara, domin a 1917 ma'aikatan ƙungiyar mishan ta SIM suka sauka a Kaltungo, ga kuma ƙungiyar EMS, reshen aika masu bishara na ikkilisiyar ECWA, wadda ta daɗe tana aika 'yan ƙasa. Zan kafa misali da yankin Maraɗi, saboda a can ne mutum ya fi saurin ruɗin kansa cewa bai bar gida ba, alhali ya bari.

Kafin a ɗaure kaya, a kashe maganar gida. A tara 'ya'ya a faɗa musu wanda zai riƙe gona da wanda zai kula da fansho, kuma a rubuta, don kada a riƙa kiran Baba daga Gombe kan rigimar haya yana tsakiyar wa'azi. A ga likita a auna jini da suga, a ɗauki maganin watanni, a nemi a rubuta asalin sunan maganin, domin sunan da kamfani ya buga a kwali yakan bambanta a kantunan can. A tanadi fasfo da katin allurar shawara, sannan a tambayi hukumar da ta aike ku halin da iyakar Jibiya take ciki, tunda Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

Abin da ya fi wuya shi ne sauke girma. Mutumin da ya shekara ashirin yana dattijon ikkilisiya, wanda ba a yanke shawara sai an ji ta bakinsa, zai tarar da fasto sa'an ɗansa shi ne shugabansa. A ganina ya kamata watanni shida na farko su ƙare a sauraro. A shiga ƙarƙashin ikkilisiyar ƙasar, irin su EERN, wato Ikkilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, wadda ta tsiro daga aikin SIM, a bar faɗin “haka muke yi a Najeriya”, domin babu kalmar da ta fi ta rufe kunnen mai masauki. A je a gaida maigari da limamin unguwa tun makon farko, a halarci suna da gaisuwar mutuwa. Kusan dukan maƙwabta Musulmi ne, kuma furfura tana buɗe zauren da saurayi zai daɗe yana sallama a ƙofarsa, muddin mai furfurar ya zo da ladabi, ba da gardama ba.

Hausar ma sai an sake koyonta. Makaranta lakwal ce, kuma idan aka ce an tafi likita, asibiti ake nufi. Lissafin kuɗi ne ya fi kunyata baƙo: dala ɗaya sefa 5 ce, saboda haka idan mai tumatir ta ce dala ɗari, sefa 500 take nema, jikka kuwa sefa 1,000. Mama ta zauna da wata maƙwabciya ta haddace wannan kafin ta shiga kasuwa ita kaɗai. Takardun ofis da Faransanci ake rubuta yawancinsu, don haka kada a sa hannu a kan abin da amintacce bai karanta muku ba.

Sau da yawa akan manta da matar. Maigida yana fita ziyara, ita kuwa ta baro zumuntar mata, da ƙungiyar mawaƙa, da jikokin da suke cika mata tsakar gida. Tun daga farko a ba ta aiki nata na kanta, ko ajin koyon karatu ko na ɗinki, kuma maigida ya riƙa tambayarta da gaske yadda take ji, ba jiran “lafiya lau” kawai ba. Kewar gida ba raunin bangaskiya ba ce, bai kamata a amsa mata da aya kaɗai ba.

Zafin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, wanda ba wasa ba ne ga mai hawan jini. A yi ziyara da sanyin safiya ko bayan la'asar, a kwanta da rana ba tare da jin kunya ba, a yawaita shan ruwa, a kwana cikin gidan sauro da damina. A san asibiti mafi kusa tun ana lafiya. Asibitin mishan na Galmi yana yankin Tawa ne, tafiya ce mai nisa ga wanda ciwo ya kama da dare. A tsayar da yammacin Lahadi don kiran 'ya'ya, kuma kafin a bar Gombe a sa hukuma ta rubuta watan da za a dawo hutu a sake ganin likita.